Fashin Baƙi Kan Sunan Tsokar da Ta Raba Ƙirji da Ciki

Ɗalibin da ya fara karatun sassan jikin ɗan Adam, ko a makarantar koyon aikin jinya ko a tsangayar likitanci, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wani abu mai ɗaure kai game da tsokar nan mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki. Littafi zai gaya masa cewa sunanta diaphragm, amma da ya zo kan jijiyar da ke motsa ta sai ya tarar ba a jingina ta da wannan suna ba, an kira ta phrenic, haka ma jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, haka ma ƙurjin da kan taru a ƙarƙashinta. Yawancin ɗalibai haddacewa kawai suke yi su wuce, domin jarrabawa ba ta tambayar dalili. Dalilin kuwa yana nan, kuma tsoho ne ƙwarai: Girkawan dā sunaye biyu suke da su ga wannan gaɓa, ɗaya ya fito daga abin da ido ya gani, ɗayan daga abin da mutum ke ji a jikinsa, kuma an shafe ƙarnuka ana jayayya a kan wanda ya fi dacewa kafin kowannensu ya sami inda ya zauna.

Kafin a shiga batun suna, ya kamata a san abin da ake magana a kai, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar Babbar Salla ya gan shi ko da bai kula ba. Idan mahauci ya farke cikin dabba ya janye tumbi da hanji, ba ya isa ga huhu da zuciya kai tsaye. Akwai wani shimfiɗaɗɗen nama da ya rufe hanyar, gefunansa jajaye masu tsoka, tsakiyarsa fari mai sheƙi da tauri, hanta kuma na manne da shi ta ƙasa. Sai ya bi da wuƙa ta jikin haƙarƙari ya kewaye shi kafin ya zura hannu ya ciro kayan ƙirji. A jikin mutum ma haka yake. Siffarsa kamar ƙwaryar da aka kife a ƙarƙashin huhu, bakinta ya kama ƙasan ƙashin ƙirji ta gaba, da haƙarƙari shida na ƙasa a kowane gefe, da gaɓoɓin ƙashin baya na wajen ƙugu ta baya. Ɓangaren dama ya ɗan fi na hagu tudu saboda hanta da ke ƙarƙashinsa, zuciya kuma tana zaune ne a kan farin tsakiyar nan. Kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba.

Kalmar diaphragma a Girkanci haɗi ce ta abu biyu. Na farko dia, ɗafi mai ma'anar ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Na biyu phragma, wato shinge ko katanga, daga aikatau phrassein, wanda ke nufin a kange wuri ko a toshe shi. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce shingen da aka gitta a tsakani. Tun asali ba kalmar likitoci ba ce. Magini zai iya faɗinta game da bangon da ya raba ɗaki biyu, kuma masu bayanin jiki ma sun yi amfani da ita ga wasu wuraren, misali guringuntsin da ya raba kafofin hanci. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka ga an ɗora ta a kan wannan tsoka shi ne littafin Timaeus na masanin falsafar Girka Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, da aka rubuta wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A tunanin Aflatun, ran mutum kashi uku ne. Kashin hankali yana cikin kai. Kashin jarumta da fushi yana cikin ƙirji, kusa da kai domin ya ji umarninsa. Kashin kwaɗayin ci da sha yana can ƙasa a ciki, an ɗaure shi nesa domin kada hayaniyarsa ta hana shawara. Ya ce kamar yadda ake raba sashen mata da na maza a gida, haka aka raba kogon jiki, aka sanya phrenes a tsakiya ta zama diaphragma.

A lura da yadda jimlar ta zo, domin nan ne zancen yake. A bakin Aflatun, sunan gaɓar shi ne phrenes. Ita diaphragma siffantawa ce kawai, bayanin aikin da yake ganin tana yi. Daga baya ne siffar ta ture sunan ta hau kujerarsa.

Ita phren, jam'inta phrenes, wadda ita ce tushen kalmar phrenic, ta girmi Aflatun da ɗaruruwan shekaru. Ta cika waƙoƙin Homer, mawaƙin Girka, waɗanda ake ƙiyasta an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a can ma'ana biyu take ɗauke da su a lokaci guda. Wani lokaci nama ce da mashi ke iya hudawa: a waƙar Iliad, Patroclus ya soki Sarpedon a inda phrenes ta kewaye zuciya, da ya zare mashin kuma ta biyo shi; a waƙar Odyssey kuwa, Odysseus ya yi niyyar soka wa ƙaton nan mai ido ɗaya takobi a inda phrenes ke riƙe da hanta. Wani lokacin kuma, wanda shi ne ya fi yawa, ita ce mazaunin hankali: a cikinta mutum ke shawara, a cikinta yake murna ko jin tsoro, giya na iya rinjayarta, alloli na iya ɗauke wa mutum ita ya aikata wauta. Masana sun yi saɓani a kan ainihin gaɓar da Homer ke nufi. Wani masanin Ingila, R. B. Onians, ya kafa hujja a 1951 cewa huhu ne, tunda huhu ne ya fi dacewa da abin da ya kewaye zuciya. Wasu na ganin Homer bai ware gaɓa ɗaya ba, yankin tsakiyar jiki gaba ɗaya yake nufi. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, zuwa zamanin likitocin ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kalmar ta tsaya a kan wannan tsoka.

Ban ga dalilin da zai sa a raina waɗannan mutane don sun ajiye hankali a ƙasan ƙirji ba. Sun bi abin da jikinsu ya gaya musu ne, kuma jikin bai yi musu ƙarya ba. Mutum ya ji mummunan labari, numfashinsa ya tsaya cak, wani abu ya ƙulle masa a daidai inda haƙarƙari suka rabu. Yaro ya yi kuka ya gaji, ya koma shessheƙa. Mutum ya yi dariya har gefen cikinsa ya yi ciwo. Duk waɗannan motsin wannan tsoka ne, kuma babu ɗayansu da ake ji a cikin kai. Hausa ma a wannan yanki ta ajiye irin waɗannan abubuwa. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, muna cewa gabana ya faɗi, muna cewa hantarsa ta kaɗa, muna cewa wane yana da zurfin ciki. Babu Bahaushen da ke ganin tumbi ne ke riƙe asiri, amma harshe ya rubuta inda ake jin abin, kamar yadda Girkanci ya rubuta.

Martani na farko mai ƙarfi ya zo ne daga wani ɗan littafi kan farfaɗiya, wanda aka rubuta wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cikin tarin rubuce-rubucen da ake jingina wa likitan Girka Hippocrates. Mutanen lokacin suna kiran farfaɗiya cuta mai tsarki, suna ganin taɓawar alloli ce. Marubucin ya ce cuta ce kamar kowace cuta, kuma daga ƙwaƙwalwa take tasowa, domin daga ƙwaƙwalwa ne murna da dariya da baƙin ciki da kuka suke fitowa. Sannan ya juyo kan phrenes, ya ce ta sami sunan ne bisa katari da al'ada, ba don ta cancanta ba. Ya yarda tana zabura idan murna ko baƙin ciki ya zo wa mutum ba zato, amma ya ce dalilin shi ne siririya ce kuma a miƙe take, ba ta da inda za ta karɓi abin da ya faɗo mata, sai ta girgiza. Jin abu daban, sanin abu daban. Wannan bambanci da ya yi shekaru fiye da 2,400 da suka wuce har yau daidai yake.

Aristotil, almajirin Aflatun, ya tsaya a tsakiya. Shi a zuciya ya ajiye hankali, ba a ƙwaƙwalwa ba, kuma ya fi kiran tsokar da sunaye masu ma'anar ɗamara ko abin da aka ɗaura a tsakiya. Ya ce ba ta tunani, sai dai kusancinta da zuciya ya sa duk abin da ya taɓa ta yakan dagula tunani, shi ya sa aka ba ta wancan suna. A ganinsa an halicce ta ne domin ta kare zuciya daga tururi da zafin da ke tasowa daga narkewar abinci. Ya siffanta ta daidai, mai nama a wajen haƙarƙari, siririya a tsakiya. Ya kuma danganta dariyar cakulkuli da ita, har ya kawo abin da ake faɗa cewa an ga mayaƙan da aka sara a wannan wuri suna dariya.

Abin lura a duk wannan muhawara shi ne, daga masu cewa mazaunin hankali ce har masu cewa katanga ce, babu wanda ya ɗora sunan a kan babban aikinta. Katanga ba ta motsi. Wannan tsoka kuwa ba ta hutawa tun daga numfashin farko har na ƙarshe. Wanda ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji shi ne Jalinus, wato Galen, wanda aka haifa a shekara ta 129 a Pergamon, garin da ke ƙasar Turkiyya ta yau. Ya fara aiki ne a matsayin likitan 'yan wasan takobi, inda ya ga raunukan ƙirji da ciki iri-iri, daga baya ya zama likitan Sarkin Rum Marcus Aurelius. Ya riƙa fiɗar dabbobi masu rai, aladu da wasunsu, yana yanke laka a matakai daban-daban yana kallon abin da zai faru. Idan ya yanke can sama kusa da ƙoƙon kai, numfashi ya tsaya gaba ɗaya. Idan ya yanke a gindin wuya, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su mutu, amma dabbar ta ci gaba da numfashi da wannan tsoka ita kaɗai. Idan ya nemo jijiyoyi biyun da ke saukowa daga wuya zuwa gare ta ya yanke, sai ita ta tsaya, sauran tsokokin su ɗauki nauyin. Da haka ya nuna tsoka ce ta numfashi, kuma daga sama ake ba ta umarni.

Yadda take aikin ba shi da wuyar fahimta, kuma mai karatu na iya gwadawa: ya kwanta rigingine, ya ɗora tafin hannu a saman cibiya, ya ja numfashi a hankali. Hannun zai ɗaga. Ba iska ce ta shiga ciki ba. Tsokar ce ta ɗaure, tudunta ya sauko, ta danna hanta da tumbi ƙasa, bangon ciki ya turo waje. Saukowar tata ta faɗaɗa kogon ƙirji, matsin iskar da ke cikin huhu ya koma ƙasa da na waje, sai iska ta kwararo ta hanci ta cike gurbin. Huhu da kansa ba shi da ƙarfin jawo iska, binta kawai yake yi. Idan ta saki, huhu ya koma yadda yake saboda danƙon da ke jikinsa, iska ta fita ba tare da wani ƙoƙari ba. A numfashin mutumin da ke zaune, saukar tata ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba, kuma hakan ya isa ya shigar da kusan rabin lita na iska. A dogon numfashi tana iya sauka har kusan santimita 10. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wato wajen sau 20,000 a yini, kuma mafi yawan wannan aiki ita ke yin sa. Ita ce kuma ke taimakawa wajen yunƙurin naƙuda, da amai, da bayan gida, da ɗaga kaya mai nauyi. Shaƙuwa ma daga gare ta take: ta fizge ba zato, iska ta taho da gudu, ƙofar maƙogwaro ta rufe cikin ƙiftawar ido, sai a ji wannan sauti. Dabbobi masu shayarwa ne kaɗai ke da cikakkiyar tsoka irin wannan. Wanda ya fiɗe kaza ba zai same ta ba, domin tsuntsaye da jakunkunan iska da motsin ƙashin ƙirji suke numfashi.

Duk da abin da Jalinus ya gano, sunan katanga ne ya yaɗu a duniya, kuma ya yaɗu ta hanyar fassara. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya kira ta da Latinanci saeptum transversum, shingen da aka gitta, wanda fassarar kalmar Girkanci ce kai tsaye. Jamusawa suna ce mata Zwerchfell, fatar da ta gitta. Ingilishi yana da tsohuwar kalmarsa, midriff, tsakiyar ciki, kafin kalmar Girkanci ta shigo masa ta hanyar Latinanci a ƙarshen ƙarni na 14 ta mamaye littattafan likitanci. Daga nan aka ara ta ga duk wani siririn abu da ke gitta rami: fatar da ke karkarwa a cikin makirfo da lasifika, faifan da likita ke ɗora wa majiyyaci a ƙirji yana saurare, ƙofar da ke rage haske a cikin kyamara.

Hanyar da ta bi ta Larabci ta fi kusa da mu, kuma ta fi daɗin bi. A ƙarni na 9, a Bagadaza, Hunain ɗan Ishaƙ, Kirista ɗan garin Hira wanda ya rasu a 873, shi da ɗansa da almajiransa suka mayar da littattafan Jalinus zuwa Suryananci da Larabci. A wata wasiƙa tasa ya lissafa littattafai 129 na Jalinus da ya sani. Kalmar da ta zauna wa wannan tsoka a Larabci ita ce hijab, cikakken sunan kuma al-hijab al-hajiz. Kunnen Bahaushe ya san kalmar farko, sai dai yau mun taƙaita ta ga suturar mata, alhali asalinta duk abin da ya shiga tsakanin abu biyu ya tsare ɗaya daga ɗaya. Da wannan ma'ana ta zo a Suratul A'araf, aya ta 46, inda aka ce akwai hijabi tsakanin 'yan Aljanna da 'yan wuta, da Suratul Ahzab, aya ta 53, inda ake maganar tambaya daga bayan labule. Kalma ta biyu, hajiz, ita ce wadda ta zo a Suratun Namli, aya ta 61, kan shamakin da Allah Ya sanya tsakanin tekuna biyu, kuma tushenta ɗaya da sunan ƙasar Hijaz, wadda duwatsunta suka raba Najdu da gaɓar Tihama. Wato Larabci ya faɗi abu ɗaya sau biyu, labule mai shamakancewa, domin a bambanta wannan hijabi da sauran tantanin jiki da ake kira da irin sunan.

Ita kuwa phren, ta shiga Larabci ne a cikin sunan cuta, kuma ta yi tuntuɓe a hanya. Likitocin Girka suna da wata cuta da suke kira phrenitis, zazzaɓi mai zafi haɗe da sambatu da gushewar hankali, irin abin da yau za a fi zargin sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. An daɗe ana jayayya ko kumburin yana ƙwaƙwalwa ne ko a tsokar da sunan ke nunawa. Jalinus ya ce ainihin cutar a ƙwaƙwalwa da rufinta take, ko da yake kumburin tsokar ma kan kawo sambatu. Da aka rubuta sunan da haruffan Larabci ya kamata ya fara da fa'un, amma tsakanin fa'un da ƙafun ɗigo ne kawai, kamar yadda duk wanda ya yi karatun allo ya sani, sai masu kwafi suka mayar da shi ƙaraniɗus. Da wannan siffa ya zauna a cikin Alƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, wanda aka kammala a 1025, da aka fassara littafin zuwa Latinanci a birnin Toledo a ƙarni na 12 kuma ya ƙara gurɓacewa ya koma karabitus. Likitocin Musulmi sun kuma yi amfani da kalmomin Farisanci biyu masu kama da juna, sirsam, kumburin kai, da birsam, kumburin ƙirji, waɗanda aka riƙa cakuɗawa. Tsohuwar tambayar Girkawa ce, kai ko ƙirji, ta sake bayyana cikin wani harshe.

A Turai, phren ta bar tsokar ta bi hankali. Daga phrenitis Ingilishi ya sami kalmominsa na haukacewa da ruɗewa, frenzy da frantic. A farkon ƙarni na 19 aka laƙaba sunan phrenology ga koyarwar likitan nan Franz Joseph Gall, wadda abokin aikinsa Spurzheim ya yayata, cewa ana iya gane halin mutum daga tudu da kwarin ƙoƙon kansa. Koyarwar ta ruguje, bayan an yi amfani da ita wajen ƙasƙantar da wasu jinsunan mutane, ciki har da baƙar fata. A 1908 likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya haɗa schizein, tsagawa, da phren, ya ƙirƙiro schizophrenia, yana nufin rabuwar tunani da ji da fahimta daga juna, ba mutum biyu a jiki ɗaya ba kamar yadda ake yawan ɗauka. Saboda haka a asibitin yau tushe ɗaya yana aiki a sashe biyu da ba su haɗa komai ba. A bakin likitan masu taɓin hankali yana nufin hankali, a bakin likitan fiɗa yana nufin tsokar numfashi.

Da yake ana ƙoƙarin koyar da kimiyya da Hausa, tambayar sunan da za mu ba ta ba ƙarama ba ce. Wasu kan ce tantani, amma tantani na sa mai sauraro ya ɗauka wata siririyar fata ce marar ƙarfi, ya manta tsoka ce. Shamaki ya dace da ma'anar Girkanci da ta Larabci sarai, sai dai ya gaji aibinsu, domin bai faɗi aikin ba. Ni a ganina, a aji ko a shirin lafiya na rediyo, gara a ce tsokar numfashi, sannan a ƙara da cewa ita ce shamakin ƙirji da ciki. Wanda ya ji haka ya san abin da take yi da inda take.

Shamakin ma ba rufaffe ba ne ruf. Manyan ƙofofi uku ne a jikinsa: babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙasan jiki zuwa zuciya ta ratsa ta farin tsakiyar, daidai gaɓa ta 8 ta ƙashin bayan ƙirji, hanyar abinci ta ratsa ta cikin jan naman daidai gaɓa ta 10, babbar jijiyar da ke kai jini ƙasa ta bi ta bayansa daidai gaɓa ta 12. Naman da ya kewaye hanyar abinci yana matse ta, yana taimakawa wajen hana ruwan tumbi komawa sama. Idan ƙofar ta saki, saman tumbi ya leƙa cikin ƙirji, mutum ya yi ta fama da ƙwannafi, musamman in ya kwanta bayan cin abinci. Akwai kuma jariran da ake haifa shamakin nasu bai gama haɗewa ba, kusan ɗaya cikin haihuwa 2,500 zuwa 3,000, galibi ramin na baya ta hagu, irin wanda masanin birnin Prague, Bochdalek, ya siffanta a 1848. Hanji ya haura ƙirji tun a cikin mahaifa ya hana huhu girma, sai a haifi jaririn yana fama da numfashi, cikinsa a shafe.

Tsohon sunan Latinanci, septum transversum, bai mutu ba. Masu nazarin halittar ɗan tayi sun riƙe shi ga tsiron farko na wannan tsoka, kuma labarin wannan tsiro shi ke warware wani abu da zai ba mutum mamaki, wato me ya sa tsokar da ke ƙasan ƙirji take karɓar umarni daga wuya. A mako na 4 da shigar ciki, tsiron yana can sama daidai inda wuya zai kasance, kuma a nan ne jijiyoyi daga gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 na lakar wuya suke haɗuwa da shi. Yayin da ɗan tayi ke girma, tsiron ya yi ta sauka har ya isa mazauninsa, yana jan jijiyarsa a baya, shi ya sa jijiyar phrenic ta ratso ƙirji gaba ɗaya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta gefen zuciya. Abin da Jalinus ya gani a jikin dabbobi ke nan, kuma shi ake gani a ɗakin kula da waɗanda suka yi haɗari: wanda lakarsa ta tsinke a ƙasa da gaɓa ta 5 zai iya shanyewa hannu da ƙafa amma ya ci gaba da numfashi da kansa, wanda tasa ta tsinke a sama da ta 3 kuwa sai da na'ura. Wannan na cikin dalilan da ya sa ake hana jijjiga wuyan wanda ya faɗo daga babur ko aka ciro daga mota.

Waɗannan gaɓoɓi na laka su ne kuma ke karɓar saƙon ji daga fatar kafaɗa. Saboda haka idan wani abu ya fusata shamakin ta ƙasa, ƙwaƙwalwa kan kasa bambance inda saƙon ya fito, sai mutum ya ji ciwo a ƙarshen kafaɗarsa alhali kafaɗar lafiyarta lau. Ƙurji a hanta ko kumburin maɗaciya na iya kai ciwo kafaɗar dama. Fashewar saifa bayan duka ko haɗari na kai shi kafaɗar hagu, alamar da likitoci ke kira da sunan likitan fiɗa na Jamus, Hans Kehr. Mace mai ƙaramin ciki, ko wadda ta yi ɓatan wata, idan ta ji ciwon mara haɗe da jiri da ciwon ƙarshen kafaɗa, musamman in ta kwanta, abin tsoron shi ne cikin ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini ya taru har ya taɓa shamakin. Irin wannan ba a shafa masa man zafi a jira gari ya waye. Asibitin da ake yin fiɗa ake nufa da ita a wannan sa'a.